Kafin Ka Musanya Gonar Simsim da Jirgin Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Yakubu a Gadarif, zuwa ga ɗana Siddiku a Bur Sudan. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwan da kake shirin hawa. Innarka tana gaishe ka, 'yan'uwanka ma haka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, kowa yana nan yadda ka bar shi, har tarin nan nawa bai je ko'ina ba.

Na san za ka yi dariya ka ga takarda, alhali ga waya a aljihunka ga waya a nawa. To ai ka san halina da waya. Ihu nake yi a cikinta kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi, kai kuma ka yi ta ce mini "Kwayyis, Yaba, kwayyis", wato lafiya lau Baba, har kuɗin su ƙare ba mu ce komai ba. Maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce, shi ya sa na nemi alƙalami.

Bari in fara da godiya, don ita ta fi yawa a cikina. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da ɗana ya gama karatun lissafin kuɗi, ya kuma sami aiki da guminsa ba tare da na je na durƙusa wa kowa ba. Ka ce mini za ka riƙe sito a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu kwasar Turawa su yi ta zagaya teku da su mako guda, sannan su sauke su a inda suka ɗauke su. Har yau ban gane yadda mutum zai biya kuɗi a kai shi inda ya taso ba, amma tunda akwai masu biya, Allah Ya ƙara musu sha'awa. Na kuma gode maka kai kanka, domin da maganar gona ta zo maka, zama ka yi a gabana ka tambaye ni. Na san 'ya'yan da sai dai uba ya ga baƙo yana auna gonarsa.

Ka tuna ranar. Bayan la'asar ne, muna ƙarƙashin darbejiya, innarka tana zuba mana jabana, gahawar nan tata. Ka ce kamfanin jirgin yana sayar wa ma'aikatansa hannun jari da rangwame. Ka ce, "Yaba, kuɗin ƙasar nan, jine, narkewa yake yi kullum. Abin da ya sayi buhu bara, bana rabi yake saye. Mu sayar da gonar Simsim in zuba kuɗin a sahmu, hannun jarin nan. Dala ce, Yaba, ba ruwanta da damina." Na ce maka za mu gani, na miƙe na tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. Ka ɗauka fushi na yi. Wallahi kunya ce ta tashe ni, domin wanda ke zaune a gabanka ya taɓa mallakar jirgin ruwa, kuma bai taɓa gaya maka ba.

Kana rarrafe lokacin. Amma sai na koma baya kaɗan kafin ka gane yadda mutum mai hankali, wanda ba a taɓa cutarsa da ko mudun riɗi a kasuwa ba, ya yi abin da na yi.

Kakanka ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Ya yi shekaru a hanya, yana noma a nan, yana ɗinki a can. Da ya iso Gadarif guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi damina ɗaya ya tara kuɗin jirgi. Ya sa gatari ya share gefen dajin Simsim, gonar nan da kake magana a kai. Damina ɗaya ta zama aure, ta zama mu, ta zama furfura. Ya rasu bai ga teku ba, haraminsa yana ninke a cikin adaka. Kusan kowane gida a unguwarmu yana da irin wannan adakar, kuma duk wanda ya san mu ya san haka.

Abdulhafiz ya san haka. Wani ɗan Bur Sudan ne, mai farar jallabiya da taushin murya, ya zo kasuwar amfanin gona da hoton wani farin jirgi a jakarsa. Bai tsaya wajen manyan attajirai ba, rumfarmu ya nufo kai tsaye. Ya ce 'yan kasuwa ne za su haɗa hannu su sayi jirgin da zai riƙa kai alhazai daga Sawakin zuwa Jidda. Ya dube ni ya ce, "Ya Hajj Yakubu," ni da ko Kassala ban taɓa wucewa ba, "ku da kakanninku suka tako sahara da ƙafa saboda Ɗakin Allah, wa ya fi ku cancanta da jirgin hujjaju? Riba a duniya, lada a lahira." Ina jin haka na ga ubana a tsaye a bakin jirgin da haraminsa. Daga nan duk tambayar da na yi, ta neman a ƙara mini ƙarfin gwiwa ce. Na riga na saya a zuciyata tun kafin a faɗi farashi.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na ga alamarsa a fuskarka ranar da kake nuna mini hoton jirginku a waya, hawa bisa hawa, fitilu ko'ina. Idonka ƙyalli yake yi. Ba laifi ka so wurin aikinka, ka yi alfahari da shi. Amma ranar da za ka zauna lissafin ko ya cancanci kuɗinka, ka kife hoton tukuna. Ka kuma lura da mai sayarwa in ya fara yabonka, ko yabon asalinka, ko ce maka ku ma'aikata 'yan gida ne. Duk wanda ya yi mini irin wannan yabon a kasuwa, daga baya na tarar da tsakuwa a buhunsa.

Kada ka ce ban yi bincike ba. Na yi, irin na ɗan kasuwar hatsi. Na hau mota na bi ta Shuwak da Kassala har Sawakin don in ga jirgin da idona. Lokacin tafiyar alhazai ne. Ya ilahi! Mutane maƙil, wasu a kan kayansu, wasu suna roƙon a ba su ko wurin tsayuwa. Na tsaya a rana ina ƙirga kawuna ina ninkawa da kuɗin tikiti, kamar yadda nake yi wa lori a tasha. Lissafin da ya fito ya wuce duk abin da na zata. Na dawo gida ina tafe ina murmushi ni kaɗai, har innarka ta tambaye ni ko rana ce ta taɓa ni.

Abin da ban sani ba shi ne jirgi ba lori ba ne. Lori in ba lodi, sai ka ajiye shi a inuwa, ka sa dutse a tayarsa, direba ya tafi ƙauyensu, ba ya cin ko sisi. Jirgi yana ci yana tafe, yana ci yana tsaye. Tasha tana karɓar kuɗin tsayuwa, ma'aikata suna cin abinci, inji ba a kashe shi gaba ɗaya, gishirin teku kuma yana cin ƙarfe dare da rana. Bayan 'yan shekaru dole a fitar da shi daga ruwa a kankare cikinsa, duk wannan lokacin ba ya kawo komai. Na ga jirgin a makonsa mafi kyau a shekara, na ɗauka haka yake kullum. Ni da na san ba a sayen gona don an gan ta ranar girbi, ban tambayi me jirgin yake yi a watannin da ba hajji ba umra ba.

Kai ka yi karatun da ban yi ba, ka iya karanta takardun da kamfani ke fitarwa. To kada ka tsaya a na bara da ka nuna mini, wanda kibiya ke ta hawa sama. Ka nemo na shekarar da abu ya ɓaci. Masu hawa jirginku ba farilla suke saukewa ba, nishaɗi suka fito. Alhaji ko ana ruwan wuta zai tafi, amma mai nishaɗi ya ji an harba bindiga ɗaya a gaɓar Bahar Maliya, ko an ce ciwo ya ɓulla a wani jirgi, ko aljihunsa ya yi sauƙi, sai ya zauna a gidansa. Ka duba me kamfanin ya yi a irin wannan shekarar, da wata nawa zai iya ciyar da jiragensa suna tsaye, da abin da ke faruwa da ribarsa in man jirgi ya yi tsada. In takardun ba su faɗa ba, ka tambayi tsohon ma'aikaci, irin wanda ya ga an sallami abokansa.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Ba ni da kuɗin da zan sayi rabon da nake so. Abin da nake da shi kuɗin banki ne na noma. A waɗancan shekarun bankuna sun daina ba da rance sai ta hanyar salam: ka sayar musu riɗinka tun bai tsiro ba, su ba ka kuɗi a farkon damina, da kaka ka kawo buhunan da aka yanke, ka kuma bar musu cek da takardar gona a hannu. Na karɓi kuɗin. Na biya mai tarakta, na sayi iri, na yi shuka, na yi noman farko. Sauran, wanda ya kamata in ɓoye don masu yanka, na ɗaure a ƙunshi na kai wa Abdulhafiz. Ya rantse mini ribar farko za ta fito kafin kaka, da zarar an gama kwaso alhazai.

Innarka ta ga ina ɗaure kuɗin. Ta ce, "Malam, na jangu fa?" Jangu su ne leburorin da ke zuwa yankan riɗi daga Kudu da duwatsun Nuba da Habasha, ka san ba sa jin "gobe". Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta, maganar jirgi ba ta mata ba ce. Ta ci gaba da tuƙa tuwon asida. Cikin duk maganganun da na yi a duniya, da za a ba ni dama in janye guda, wannan zan janye.

Damina ta yi kyau a shekarar, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Riɗi ya kai mini ƙirji. Maƙwabta suna wucewa suna cewa masha Allah, Yakubu bana sai Makka. Ganye ya fara ja, na aika Bur Sudan, aka ce a ƙara haƙuri, injin jirgi ya sami matsala, an ja shi wurin gyara. Na sake aikawa, aka ce Abdulhafiz ya yi tafiya.

Kai ɗan makaranta ne, ba ka zauna a gona da kaka ba, bari in gaya maka halin riɗi. In ya nuna, 'yan kwanaki gare ka. Ka yanke, ka ɗaure, ka tsayar da dammuna ya bushe a tsaye. In ka wuce kwanakin nan, kwanson yakan buɗe baki da kansa. Jangu suka zo gonata da laujensu, shugabansu ya ce, "Ya Hajj, gurush fi?" Wato akwai kuɗi? Na ce su fara, kuɗi suna hanya. Ya dubi riɗin, ya dube ni, ya ce, "Ma'alesh," wato in yi haƙuri, suka wuce. Ban ga laifinsa ba, kowace gona tana kiransu da kuɗi a hannu. Na bi 'yan kasuwa neman rance, kowa nasa yana gona. Ni da ƙannena biyu muka shiga da lauje, muka yanki abin da hannu shida za su iya.

A rana ta shida iska ta taso da hantsi. Na tsaya a tsakiyar gona ina jin ƙara siririya ta ko'ina, kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye. Riɗina ne ke zuba. Ka san ƙasar Simsim, baƙa ce, da ruwa ya ɗauke sai ta tsattsage har hannu ya shige. Cikin tsagar nan ya tafi. Na durƙusa ina kwasa da tafin hannu, ƙanina ya kama kafaɗata ya ce, "Yaya, tashi, mutane suna kallo." Na yi kuka a ranar, kuka da murya, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ɗana, kowane kuɗi da ke da aiki da ranar aikinsa, ba naka ba ne, ko da yana aljihunka. Kuɗin masu yanka, kuɗin makarantar yaro, kuɗin maganin tsoho, abin da gida ke ci. Hannun jari ba ya san ranar da kake bukata. Yana iya faɗuwa a makon da ka fi matsuwa, ya tashi bayan ka sayar da asara. In za ka saya, ka sayi da abin da in ya yi shekara biyar ba ka gan shi ba, ba wanda zai kwana da yunwa.

Akwai kuma abin da ka faɗa mini kana murna, ni kuwa ban ga abin murna ba. Ka ce kamfaninku kuɗi ba sa yanke masa, domin fasinja suna biya tun watanni kafin tafiya. Ni na san sunan wannan, salam ne. Sun sayar da riɗin da bai tsiro ba. Kuɗin suna hannunsu, amma tafiya ce ake bin su, in kuma ba a yi tafiyar ba sai su mayar. Da ka ga tarin kuɗi a takardarsu, ka tambaya nawa ne nasu, nawa ne na mutanen da ba su hau ba tukuna. Ni ma ai na yi wata huɗu ina jin kaina attajiri da kuɗin banki.

Bayan kaka aka kira mu taro a Bur Sudan, mu masu rabo. A nan na fara jin cewa kuɗinmu duka ko rubu'in jirgin ba su saya ba. Sauran bashi ne daga wani banki na waje, bashi mai ruwa, a kan jirgin da aka ce mini lada zan samu da shi. Aka sayar da jirgin wa masu yanka ƙarfe. Wani lauya ya karanta mana jerin masu karɓa: banki, masu gyara, tasha, ma'aikatan da ba a biya ba, masu umra da suka riga suka ba da kuɗin tikiti. Wani tsoho daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "To mu masu jirgin fa?" Lauyan ya ce, "Ku ne masu shi, shi ya sa ku ne na ƙarshe." Abin da ya iso kaina bai biya mini kuɗin motar komawa ba.

Jiragenku sun ninka nawa girma ban san sau nawa ba, kuma ba na jin akwai wanda ke ƙera irinsu da kuɗin aljihunsa. Ka nemi sanin bashin da ke kansu da lokacin biyansa, ka ƙirga mutum nawa ne a gabanka a layi. Ka kuma tuna albashinka daga jirgin nan zai fito. Ranar da kamfani ya shiga matsi, ranar ce za a rage ma'aikata, ranar ce kuma hannun jarin zai zube. In gonar ma ta shiga ciki, ka gaya mini ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Sai maganar da ka bi ta kanta da sauri kana kallon ƙasa. Ka ce kuɗin tikiti da ƙyar yake riƙe jirgi, ribar tana fitowa ne daga abin da fasinja ke kashewa a ciki. Na tambaye ka me suke saye, ka ce abubuwa dai. Siddiku, tsufa na yi, ban kurumce ba. Na san akwai giya, akwai ɗakin caca. Aikinka na ƙirga shinkafa da albasa na tambayi malamai a kansa, zuciyata ta ɗan kwanta. Amma ma'aikaci daban, mai rabo a riba daban. Ni ban tambayi tushen kuɗin jirgina ba don ina tsoron amsar. Kai ka tambaya. Ka sami malamin da ya san ciniki, ka faɗa masa komai ba ragi, kada ka yi ta sauya malamai har ka dace da mai ce maka abin da kake so.

Ban ce duk maganarka banza ba ce. Gaskiyarka ne a kan jine. Kuɗin ƙasar nan sun sauya suna a hannuna har sau biyu, kuma tun da Kudu ta ɓalle ta zama ƙasar kanta abin da na ajiye a akwati ya zama takarda. Gona ma ba ta da tabbas, na ga fari, na ga fara. Ka ware wani abu daga albashinka kowane wata, in malami ya wanke maka ka sayi kaɗan, ka sa wani a wani wurin da ba ruwansa da teku. Za ka fi ni iya wannan nesa ba kusa ba, kuma ina alfahari da hakan.

Saura ka ji yadda gonar ta dawo, domin ta tafi.

Da na kasa kawo buhuna, banki ya kai cek ɗina kotu. A lokacin doka ita ce ka zauna a kurkuku har ka biya. Innarka ba ta san zurfin ramin ba sai da ta ga ɗan sanda a ƙofar gida, don na ɓoye mata har ranar. Na tarar da manoma da yawa a ciki, wasu fari ne ya kai su, ni kuwa damina mai albarka ce ta kai ni. Na yi wata biyar. Aka yi gwanjon gonar, aka biya banki, aka sake ni. Da na fito na tambayi wanda ya saya, aka ce Hajj Taha.

Ka san shi, Balaraben nan maƙwabcin rumfata, wanda yake ba ku alewa kuna yara, Allah Ya jiƙansa. Shekara ashirin muna cin ful, dafaffen waken nan, a kwano ɗaya. Na ce ashe jira yake in faɗi. Ya zo yi mini barka, na ƙi fitowa. Ya aiko a ce in ci gaba da noma gonar mu raba amfani, na karɓa don ba ni da zaɓi, amma na daina amsa sallamarsa. Shekara huɗu ina kai masa rabonsa ta hannun ɗan aike, in na hango shi a masallaci in sauya sahu.

A shekarun nan innarka ta ce mini gwaggonta ta Shuwak ba ta da lafiya. Kowane mako takan yi kwana huɗu a can, ta bar ku wajen ƙanwata. Ka tuna kuna kuka kuna bin ta har bakin titi. Ni kuwa ina fama da baƙin cikina, ban ko tambayi wace irin cuta ce wannan da ba ta warkewa ba ta kisa ba.

Wata safiya Hajj Taha ya shigo rumfata ba sallama, ya ajiye takarda a kan buhu. Ya ce, "Kai mutumin nan, karanta, in ka gama ka ci gaba da fushinka." Takardar gona ce, da sunan innarka a kai. Ya ce tun ina kurkuku ta same shi, ta kwance awarwaronta da 'yan kunnenta da saniyar da ta gada ta ajiye masa, ta roƙe shi ya saya kada ta faɗa hannun baƙo, za ta biya sauran a hankali. Shayi take sayarwa a tashar Shuwak, inda ba wanda ya san matar wa ce, don kada a ce matar Yakubu ta zauna a bakin titi. Sau biyu masu kamen mata masu shayi suna kwashe mata kujeru da butoci, ta sake saye. Rabon amfanin da nake aika masa ina zaginsa a zuci, ashe yana sa shi cikin biyan. Ya ce, "Ita ta ce kada in faɗa. Wallahi na gaji da cin ful ni kaɗai."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na kama hannunsa, ya fizge ya ce in bar shirme in aika a kawo shayi. Da na koma gida na tsaya a bakin madafa. Innarka ta dube ni ta ce, "Taha ya faɗa ko? Bakinsa ba ya riƙe komai." Sannan ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa 'ya'ya ba, don kada ku raina ubanku. Ka ji irin mutanen da Allah Ya kewaye ni da su, ni da ban cancanta ba. In ka sami aboki a jirgin nan, kada ka yanke masa hukunci kafin ka tambaye shi. In Allah Ya ba ka mata, ta san inda kowane kuɗinka yake, in ta yi tambaya ka ajiye abin da ke hannunka ka saurara.

Ka ga ke nan gonar da ka roƙe ni ba tawa ba ce. Bayan tafiyarka na rasa yadda zan yi, na gaya wa mai ita abin da ka nema. Na ɗauka za ta ce atafau. Ko numfashi ba ta ja ba, ta ce, "Na fanso ta ne don kada yaran nan su roƙi kowa. Tunda yau shi ya roƙa, a ba shi. Ya fi mu sani." Na yi ta kawo mata dalilai, ta ce yaro zai shiga duniya, ba ta so ya tafi yana ganin an hana shi. Washegari ta sa ni a gaba har wajen lauya, ta dangwala yatsa a takardar wakilci. Ita ce ka gani a ninke cikin wasiƙar nan. Da ita za ka iya sayar da gonar ko kana tsakiyar teku, ba mai tare ka, ni ma ba zan ƙara cewa uffan ba.

Shekaranjiya ta shiga motar Simsim ita kaɗai, da ciwon gwiwar nan nata. Ta ce za ta dubo dawa. Ta dawo da yamma ƙafa duk laka, na tambaye ta yaya dawar, ta ce ba ta lura ba, zagaya iyaka kawai ta yi.

Na karya alkawarin da na riƙe mata fiye da shekara ashirin, Allah Ya yafe mini, ita ma ta yafe mini. Na ga gara ka raina ni da ka sa hannu ba ka san abin da kake sayarwa ba. Shawara tana hannunka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ya kwantar maka da teku, Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai masu tsoronSa, Ya tsare cikinka daga haram, Ya dawo mana da kai da ƙafarka. Ka riƙe salla ko jirgi yana juya alƙibla sau goma a yini. Duk abin da ka yanke, kai ɗanmu ne, ƙofar nan a buɗe take.

Innarka tana zaune kusa da ni tana tsince wake, ta ɗauka addu'o'in tafiya nake rubuta maka tun safe. Ta ce in tambaye ka ko takardar ta yi daidai, in akwai inda ya rage ta dangwala, ka aiko da wuri kafin ka tashi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Yakubu